Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Turanci Na Makarantun Sakandaren Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Malamai, ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da fama da yara. Ni mai koyar da darasin yamma ne, irin wanda ake kawo wa ɗaliban da suka gama sakandare takarda ba ta yi kyau ba, suna neman gyara. Wato waɗanda suka baro hannunku su ne ke isowa gabana, kuma kusan dukkansu Turanci ne ya tsayar da su. Wani yana da kiredit bakwai, har da lissafi, amma D7 ko F9 a Turanci ta hana shi shiga jami'a. Abin da nake gani a tattare da su ya sa na ga ya kamata in yi magana da ku kai tsaye, a bainar jama'a, don iyaye da masu kula da makarantu su ma su ji.

Maganata ɗaya ce. Yaranmu sun haddace sunayen abubuwan nahawun Turanci, amma ba su gane su idan sun ci karo da su a cikin jimla. Kuma abin da zai warware wannan matsala yana bakinku, kuna dai jin kunyar amfani da shi ne a cikin aji: Hausa.

Ku shiga kowane aji na ƙaramar sakandare ku ce *what is a noun*, za ku ji aji ya ɗauka baki ɗaya, da karin waƙa, cewa sunan mutum ne ko dabba ko wuri ko abu. Ba wanda zai yi tuntuɓe. To ku rubuta *Honesty brings respect* a allo ku ce a nuna muku sunaye. Sai aji ya yi tsit, domin gaskiya ba mutum ba ce, ba dabba ba ce, ba wuri ba ce, kuma ba abar da ake taɓawa ba ce. Haka *verb*, an ce musu kalmar aikatawa ce, suka riƙe. Da suka ga *is* da *seem* da *have* sai suka rasa inda za su sa su, tunda ba wani aiki da ake yi a cikinsu. Ku ba su *They water the garden every morning*, mafi yawansu za su ce *water* suna ne, don sun san ruwa abu ne. Ba a taɓa nuna musu cewa aikin da kalma ke yi a cikin jimla shi ke nuna ajinta ba. Hadda ce zalla, tun daga aji huɗu na firamare har aji shida na sakandare, kuma ba ta taɓa sauka daga harshe ta shiga kai ba.

Ita kuwa jarrabawa ba ta tambayar ma'ana. Kun fi ni sanin tsarin WAEC: takarda ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓi, ta uku 60 ne a kan furuci, ta biyu kuwa ita ce mai maki 100, insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Rabin makin babbar takarda ke nan ya rataya a kan yaro ya karanta abin da bai taɓa gani ba, ya gane shi, ya gane abin da ake tambayarsa. NECO ma tsarinta bai yi nisa da wannan ba. A JAMB kuma tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kowane fanni mutum zai karanta. Babu inda za a ce masa ya kawo ma'anar *noun*.

Bari in tsaya a kan tambayar da ta fi ba yaranmu tsoro, wadda ba ta fashi kowace shekara: a ciro wani yanki daga cikin nassi a ce *what grammatical name is given to this expression*, sannan *what is its function*. Yara da yawa tsallake ta suke yi. Wasu kuma sun haddace amsa ɗaya, *adverbial clause*, suna jefa ta ko'ina ko Allah zai sa a dace. Alhali abin da tambayar ke nema yaron Bahaushe ya san shi tun kafin ya shiga makaranta.

Ɗauki wannan jimla: *When the market closed, the traders went home.* Ka ce wa yaro da Hausa, da aka tashi kasuwa, 'yan kasuwa suka koma gida. Ka tambaye shi, yaushe suka koma? Zai ce da aka tashi kasuwa. Shi ke nan ya ba ka amsar duka biyu bai sani ba: yankin yana bayyana lokaci, kuma komawar yake yi wa bayani. Abin da ya rage ka ba shi sunan da Turanci, *adverbial clause of time*, ka ce masa yana bayani ne a kan *went*. Sai ka sauya, ka rubuta *In the evening, the traders went home*, ka ce ya nemo aikatau a cikin yankin farko. Ba zai samu ba. Nan take ya ga bambancin *clause* da *phrase* da idonsa: ɗaya da aikatau mai nuna lokaci a cikinsa, ɗaya babu. Ka ba shi *The man who sells onions has travelled*, ka tambaye shi wane mutum ne ya yi tafiya. Mai sayar da albasa. To yankin mutumin yake siffantawa, *adjectival clause* ke nan. Ka ba shi *What he said annoyed us*, ka ce me ya ɓata mana rai? Abin da ya faɗa. Yanki ne da ya zauna a mazaunin suna, shi ne mai aikin ɓata ran. Tambayoyi ne ƙanana, yaushe, ina, yaya, don me, wane, me, kuma da su ake buɗe kusan duk irin wannan tambaya da za ta fito. Amma sai yaro ya ji su da harshen da yake tunani da shi kafin su zame masa makami.

Wani zai ce Hausa ba ta da sunayen waɗannan abubuwa. Tana da su, kuma a makarantarku ake koyar da su, a ajin da ke maƙwabtaka da naku. Malamin Hausa yana koyar da suna da wakilin suna da sifa da aikatau da bayanau da mahaɗi. Yana koyar da jimla da ganga da yanki, da aikau da karɓau, da tilo da jam'i, da shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da mai zuwa. A adabi yana koyar da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, su ne dai *simile* da *metaphor* da *personification* da *hyperbole* da ake tambaya a ƙarƙashin *figure of speech*. Masana a jami'o'inmu, musamman Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, sun daɗe da daidaita waɗannan kalmomi. Abin takaici, yaro yana koyon aikatau da safe, ya koyi *verb* bayan tara, har ya gama makaranta ba wanda ya ce masa abu ɗaya ne. Malamin Hausa da na Turanci suna shan shayi tare a ɗakin malamai, amma darussansu ba su taɓa gaisawa ba. Wasunku ma Turanci da Hausa suka haɗa a NCE, suna da duka biyun a kai, sai dai sun ajiye ɗaya a ƙofar aji.

Ba baƙon abu nake kawo muku ba. Ku dubi yadda malamanmu na zaure suka koyar da nahawun Larabci shekaru aru-aru. Almajiri yana ɗaukar Ajuruma, littafin da wani malamin Fas ta Maroko ya rubuta a farkon ƙarni na 14, ya karanto Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, ya nuna masa wannan fa'ili ne, shi ya yi aikin, wannan maf'uli ne, a kansa aikin ya faɗa. Daga nan ya wuce zuwa manyan littattafai har Alfiyya. Ta wannan hanya aka sami malaman da suka yi rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci a Sakkwato da Gwandu da Kano da Katsina da Zariya, Larabcin da Larabawa ke karantawa su jinjina. Ba a taɓa cin almajiri tara don ya yi Hausa a zaure ba. Mu kuwa a makarantun boko har yau akwai inda monita ke rubuta sunan masu yin banakula. Sakamakon da na gani shi ne yaro ya koyi yin shiru. Turancin bai samu ba, tambayar da zai yi da Hausa don ya gane kuma an hana shi.

Akwai amfani na biyu da Hausa za ta yi muku, wanda a ganina ya fi na farko. Kurakuran yaranmu ba na ganganci ba ne, yawancinsu daga Hausa suke tasowa, kuma malamin da ya san tushen kuskure ya fi saurin tumɓuke shi. A Hausa aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci. Muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi, tafi tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke ɗauke da lokacin. Turanci kuwa jikin aikatau yake taɓawa, *go* ta koma *went* ta koma *gone*. Yaron da ya rubuta *Yesterday he go* ba jahili ba ne, ƙa'idar harshensa ya bi, yana ganin tunda ya ce jiya magana ta ƙare. Idan ya rubuta *Audu he came*, Audu ya zo ya fassara, domin a Hausa ba a cewa Audu zo. Idan ya kira mota *she*, ai mota mace ce a wurinmu, kuma ba mu da wani wakilin suna na uku da ba namiji ba ba mace ba. Idan ya ce *I am hearing the smell*, ji ne ya ruɗe shi, tunda mu da ji muke jin magana da wari da zafi da yunwa. Idan aka tambaye shi *Haven't you eaten* ya ce *yes* alhali bai ci ba, Hausa ya amsa, inda e ke nufin haka ne, ban ci ba.

Sai harafin nan *s* da ya zame wa yaranmu ƙarfen ƙafa. An koya musu cewa alamar jam'i ce, *boy* da *boys*. Ba a tsaya an gaya musu cewa a jikin aikatau akasin haka take nunawa ba, shi ya sa suke rubuta *the boys plays*, suna ganin sun daidaita jam'i da jam'i. Minti biyar na bayani da Hausa ya isa, amma sai a shekara ana rubuta *concord*, wato daidaita aikatau da mai aikin, a allo ana kwafa.

*Passive voice* kuwa, da ake ɓata mako biyu a kansa ana zana kibiyoyi, muna da kusan irinsa a cikin kalmominmu *an* da *aka*. An kama ɓarawo, *the thief was caught*. Ba a damu da wanda ya kama ba, kamun ne labari. Yaro na jin haka ya gane amfaninsa, sauran aikin sai koyon siga.

Yanzu ga auna fahimta kanta. Na lura ana koyar da ita kamar jarrabawa, ba kamar darasi ba. A ce a buɗe shafi kaza, wani ya tashi ya karanta da ƙarfi, a ce a amsa tambayoyi, a karɓi littattafai. Wannan gwaji ne, ba a koyar da komai ba. Yaro ya ƙirƙiro wa kansa dabara: ya ɗauki kalma ɗaya daga tambaya, ya bi nassi da yatsa har ya gan ta, ya kwafe jimlar gaba ɗaya. Wani lokaci a dace. A taƙaitawa kuwa wannan dabara ita ke kashe shi, domin kwafe jimla ɗungurungum ba ya samun maki, kuma rahotannin manyan masu duba takardun WAEC sun sha kokawa a kan haka. Maki 30 ne suke tafiya a nan.

Kalmomin umarni na cikin tambaya su kansu darasi ne da ya kamata a ware wa lokaci. Yaro ya san cewa *state* da *mention* faɗi kawai suke nema, *explain* na neman dalili, *according to the passage* na nufin kada ka kawo abin da ka sani daga gida, abin da marubucin ya ce ake so ko da ba ka yarda da shi ba. Ya san cewa *in three sentences, one for each* na nufin jimloli uku cikakku, kowace da aikatau, ba guntaye ba, ba kuma sakin layi ba. Ya san *imply* da *infer* suna neman abin da ba a faɗa ƙarara ba, wato abin da mu muke kira karanta tsakanin magana, irin yadda ake gane habaici. Yaran da suka tashi cikin karin magana da zaurance da gugar zana ba za a ce ba su iya gano ɓoyayyar manufa ba. Ba a dai gaya musu ita ake tambaya ba.

Haka tambayar musanya kalma, wadda ake cewa a kawo wata kalma da za ta iya zama a madadin wannan kamar yadda aka yi amfani da ita a nassi. Sharaɗin yana cikin wutsiyar tambayar. Idan kalmar *reluctantly* ce, *unwillingly* za a kawo, *unwilling* ba ta shiga ko da ma'anar ta yi kusa. Idan *abandoned* ce, sai *deserted*, ba *desert* ba. Ku koya musu su cire kalmar su sa tasu su sake karanta jimlar su ji ko ta zauna. Ku kuma hana su jera amsa biyu ko uku da fatan mai maki zai zaɓi daidai, domin idan ɗaya ta kuskure duka sun zube. A nan ne sanin ajin kalma ke biyan kuɗinsa, ba a wurin rera ma'ana ba.

Na san abin da za ku ce, kuma da gaskiyarku a wani ɓangare. Aji ɗaya ya haura ɗalibi ɗari, wasu a ƙasa, littafi ɗaya mutum biyar. Yaro ya iso aji ɗaya na sakandare bai iya haɗa baƙi ba ko da Hausa, wannan kuwa ba ku kuka jawo ba. Manhaja ta yi yawa, mai duba makarantu kuma abin da ke rubuce a littafin tsara darasi yake dubawa, ba abin da ya shiga kan yara ba. Albashi ba ya kai wata. Duk na yarda. Amma abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini. Jimla ɗaya a allo da tambaya ɗaya da Hausa, ko a gindin bishiya ana iya yi.

Za ku kuma ce ai hukuma ta hana. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko na yankin da suke a farkon firamare, daga baya a koma Turanci. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka faɗaɗa abin zuwa shekara shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Ina da ra'ayina a kan haka, amma ba shi ya kawo ni ba. Ko wace manufa ke aiki, ba ta hana malamin Turanci ya yi bayanin minti uku da harshen da ɗalibi ke ji don ya kai shi ga Turancin ba. Ban ce a mayar da darasin Turanci na Hausa ba. Wannan ma ɓarna ce, kuma na san akwai masu yin ta, su karanta layi ɗaya da Turanci su shafe sauran lokacin suna hira da Hausa. Abin da nake nufi, a shiga da Hausa a buɗe ma'ana, a dawo Turanci a yi atisaye, a yi ta yi har bakin yaro da alƙalaminsa su saba. Kashi mafi yawa na darasi ya kasance Turanci ne ke fita daga bakin yaran, ba daga bakin malam kaɗai ba.

Inda aji ya haɗa yara masu harsuna daban-daban, kamar wasu makarantun Jos da Kaduna da Yola da Sabon Garin Kano, malami ya fi kowa sanin ajinsa. Wani wuri Hausar ce dai ta haɗa kowa, wani wuri a bar yara su yi wa juna bayani biyu-biyu da harshen da suka ga dama, sannan su kawo amsa da Turanci.

Abu na ƙarshe da ba zan iya tsallakewa ba shi ne karatu. Ba a koyon fahimtar rubutu sai da karanta rubutu, kuma yawancin yaranmu ba su taɓa karance littafin Turanci ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba in ban da wanda aka wajabta. 'Yan matan da ake cewa ba su son karatu su ne ke cinye littafin Hausa mai shafi ɗari biyu a dare ɗaya, yanzu ma a waya suke bi babi-babi. Son karatu yana nan, abin karantawa da Turanci daidai ƙarfinsu ne babu. Tsohuwar jarida ma ta isa. Ku yanko labari ɗaya gajere, na ƙwallo ko na farashin kaya ko na wani abu da ya faru a garinku, ku ba su, ku ce kowa ya faɗi abin da labarin ya ƙunsa a jimla ɗaya, da Hausa tukuna, sannan da Turancinsa na kansa komai karyewarsa. Wanda ya iya faɗa da Hausa ya kasa da Turanci, matsalarsa ƙarancin kalmomi ce. Wanda ya kasa ko da Hausa, bai gane nassin ba ne sam. Cuta biyu ce daban, kuma jan biro a littafi ba ya bambanta su.

Roƙona gare ku a wannan zangon karatu shi ne, kowane malamin Turanci ya nemi malamin Hausa na makarantarsa su zauna, su fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen azuzuwan kalmomi da sassan jimla da adon harshe da kalmomin umarnin jarrabawa, Turanci a gefe, Hausa a gefe, kowanne da misalin jimla daga rayuwar yaran. A manna ta a bangon kowane aji tun daga aji ɗaya. Shugabannin makarantu kuma ina roƙon ku daina karɓar tarar banakula, masu duba makarantu su daina ɗaukar jin Hausa a ajin Turanci a matsayin laifi kafin su tsaya su ji me ake yi da ita.

Allah ya ƙara muku haƙuri da lafiya, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin darasin yamma, Kano.